Abin da Makiyayi Ya Gaskata, Shi Garke Ke Ci

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:17-35

Masu bi da yawa, in sun ji kalmar tauhidi, sukan ɗauka magana ce ta 'yan makaranta, abin da ake haddacewa a Kagoro ko Bukuru ko Igbaja domin a ci jarrabawa, a karɓi takardar shaida, sa'an nan a rufe a akwati. Har a wasu majami'u akan ji ana cewa, "Faston nan ilimi ya yi masa yawa, shi ya sa ba shi da wuta," sai ka ce sanin Allah da ikon Ruhu Mai Tsarki kishiyoyin juna ne. Alhali kuwa tauhidi shi ne amsar da ikkilisiya ke bayarwa daga Littafi Mai Tsarki game da wane ne Allah, me ya yi cikin Yesu Almasihu, da kuma abin da yake so ga mutum. Kowane fasto yana da nasa, ko ya sani ko bai sani ba. Ranar da aka kira shi bakin gadon marar lafiya ko bakin kabari, ran nan ne yakan fito fili.

Gargaɗin Bulus a Militas

Sa'ad da Manzo Bulus ya kira dattawan ikkilisiyar Afisa zuwa Militas domin ya yi bankwana da su, ya tuna musu cewa bai ɓoye musu kome daga nufin Allah ba, kuma shekara 3 ya yi yana gargaɗinsu da hawaye. Ya ce su kula da kansu da garken, gama kyarketai za su shigo, har daga cikinsu ma wasu za su tashi da karkatacciyar koyarwa. Ya kuma tuna musu cewa bai yi ƙyashin azurfa ko zinariyar kowa ba, da hannunsa ya biya bukatunsa. A wurin Bulus koyarwa da kiwo da halin makiyayi igiya ɗaya ce mai tufka uku. In aka warware ɗaya, sauran ba za su ɗauki kaya ba.

A bakin gadon marar lafiya

A ɗauki gidan da yaro ya daɗe yana ciwo. In faston ya gaskata cewa kowace cuta alamar zunubi ce ko ƙarancin bangaskiya, zai bar iyayen da nauyi biyu: ciwon ɗansu da tuhumar kansu. In ya gaskata cewa warkarwa tana bin girman baiko, iyalin za su sayar da akuya da hatsin da ya rage, kuɗin asibiti ya tafi wurin "shuka iri". In kuwa yana ganin hannun maƙiyi a bayan kowace masifa, to, kafin a ankara an nuna wata tsohuwa ko wani maraya da yatsa an ce maye ne, zumunci ya tsinke, wani lokaci har a kai ga zub da jini.

Nassi ya koyar da wani abu dabam. A Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu laifin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya kuwa kawar da laifin daga mutumin da iyayensa. Abokan Ayuba sun nace cewa wahalarsa sakamakon zunubi ce, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka bar masa ita, aka ba shi alherin da zai ishe shi (2 Korintiyawa 12). Shi ɗin ne kuma ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas (2 Timoti 4:20). Faston da ya sha daga wannan rijiya zai yi addu'a da gaba gaɗi, gama Allah yana warkarwa. Zai kuma ce a kai yaron asibiti. In kuwa rai ya yi halinsa, yana da maganar tashin matattu da zai faɗa wa uwar ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Wannan fahimta ce ta sa masu bishara na farko suka haɗa wa'azi da magani. Asibitin Vom na SUM, asibitin ido na Kano, asibitin Evangel a Jos da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, duk sun tsiro ne daga bangaskiyar cewa Allah ne ya halicci jiki, kuma Ɗansa ya ɗauki jiki.

Kukan Byang Kato

Marigayi Dokta Byang Kato, haifaffen ƙasar Kwoi a 1936, ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, a 1973 kuma aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska. Ya ga majami'u suna cika maƙil, amma ya kwatanta ikkilisiyar Afirka da mai fama da ƙarancin jini ta fuskar tauhidi. Tsoronsa shi ne, in koyarwa ba ta yi zurfi ba, za a gauraya bishara da tsoffin tsafe-tsafe, a kuma ƙare da cewa akwai ceto ba tare da Almasihu ba. Littafinsa a kan ramukan da tauhidi zai iya faɗawa a Afirka ya fito a 1975, a watan Disamba na shekarar kuma ya rasu a teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, yana ɗan shekara 39. Kiran da ya yi a kafa manyan makarantun tauhidi bai faɗi ƙasa banza ba: an buɗe ta Bangui a 1977, ta ECWA a Jos a 1980, ta Nairobi a 1983.

Ranar gwaji

Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aka fara aikinta a Garkida a 1923, ta gāji koyarwar salama da ƙin ramuwa. A 2014 aka sace 'yan matan makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A watan Oktoba na shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Duk da haka suka ci gaba da kiran membobinsu kada su rama, har taimakon da suka raba wa 'yan gudun hijira ya kai ga maƙwabtansu Musulmi. Ba a ranar tafiya ake kiwon jaki ba. Abin da aka shuka shekara da shekaru a ajin baftisma da makarantar Lahadi, shi ya tsaya ranar da wuta ta tashi.

Rabon iyali

Nauyin nan ba na fasto kaɗai ba ne. Mutanen Biriya sun sami yabo domin kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka gidan mai bi ba shi da hujjar zama cikin duhu. Ya kamata maigida ya buɗe nassin da aka yi wa'azi a kai a sujadar yamma, yara su karanta, a yi tambayoyi. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su ba nazarin Littafi lokaci kamar yadda suke ba waƙa. Dattawa kuma, in za su nemi fasto, su tambayi abin da ya gaskata game da gicciye da wahala da kuɗi kafin su yaba muryarsa. In sun same shi, su biya shi haƙƙinsa a kan kari, su saya masa littattafai, su bar masa lokacin nazari, gama makiyayin da yunwa ta dame shi yana cikin jarabar sayar da ciyawar garke.

Ubangiji, Babban Makiyayin tumaki, ya ba ikkilisiyarsa bayi masu fassara Maganar gaskiya daidai, ya kuma ba iyalai kunnen rarrabe muryarsa da ta baƙo. Amin.