Ɗan Hayar da Ciwonsa Ba Ya Ganuwa

Idan ɗan haya ya karye a ƙafa ya kasa fita nema, kusan dukkanmu mun san abin da ya kamata mai gida ya yi, wato ya ɗaga masa ƙafa har ya miƙe. To idan abin da ya karye ba ƙashi ba ne fa? Idan mutum ya daina buɗe wasiƙu, ya daina amsa sallama, ko ya aikata abin da da hankalinsa na kwance ba zai yi ba? A nan ne tausayinmu kan fara ɗingishi, domin ciwon ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan zo ne da kamannin rashin mutunci.

Akwai wata shari'a da aka yi a Ingila wadda ta fito da wannan tambaya fili. Wani mutum mai suna Malcolm yana haya a gidan ƙaramar hukumar Lewisham da ke kudancin Landan. Yana fama da sikizofiriniya, ciwon da kan sa mutum ya ji muryoyi ko ya gaskata abin da babu shi. A wani lokaci da ba ya shan maganinsa, sai ya fita ya saka wasu 'yan haya a gidan, abin da yarjejeniyarsa ta hana. Hukuma ta nemi a karɓe gidan. Lauyoyinsa suka ce ciwon ne ya kai shi ga haka, don haka korarsa nuna wariya ne ga mai lalura.

A shekarar 2008 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka ba hukumar gaskiya. Hujjar mafi yawansu mai sauƙin ganewa ce: duk wanda ya saka wasu a gidan hukuma za a kore shi, da ciwo ko babu, saboda haka ba a ware Malcolm ba.

Kada mu yi saurin tsine wa wannan hukunci. Mutane da yawa na jiran irin wannan gida a layi, wasunsu ma marasa lafiya ne. Haka nan ba kowane mai gida ne hukuma ba. Wata tsohuwa ce da kuɗin hayar ɗakuna biyu ne abincinta. Akwai kuma maƙwabcin da ihun tsakar dare ya hana 'ya'yansa barci. Wanda ya ce haƙƙin waɗannan ba kome ba ne, to bai taɓa zama a gidan haya ba.

Amma hujjar tana da rami. Ɗauki misalin da aka yi ta jujjuyawa a wannan muhawara: makaho ya zo gidan abinci da karen da ke masa jagora, aka ce ba a shiga da kare. Mai gidan abincin zai iya rantsuwa cewa kowa ya zo da kare haka zai yi masa. Gaskiya ya faɗa, amma wa dokar tasa ta bari a waje? Mai ido zai ɗaure karensa a gida ya dawo. Ana iya auna wa kowa da mudu ɗaya, a kuma cuci wani.

Majalisar dokokin ƙasar ta ga ramin. A Dokar Daidaito ta 2010, sashe na 15 ya ce cutar da mutum saboda wani abu da lalurarsa ta haifar wariya ce, sai dai in mai gida ya nuna yana da manufa halattacciya kuma matakin da ya ɗauka bai wuce kima ba, ko kuwa bai san da lalurar ba kuma babu yadda za a ce ya kamata ya sani. A 2015 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa idan ɗan haya ya kawo irin wannan kariya, wajibi ne alƙali ya auna ta da kyau, har ya duba ko akwai wata hanya da ba ta kai kora ba. Abin lura, mutumin da ya kai wannan ƙara ta 2015 bai tsira da gidan ba. Dokar ba ta ce kada a kori mara lafiya ba. Ta ce a tsaya a tambayi dalili tukuna.

Mu a ganinmu wannan matsaya ta fi ta farko kusa da adalci. Sai dai ta dogara kan abu guda mai rauni: sai an samu wanda ya gaya wa alƙali cewa akwai ciwo. Mai tsananin damuwa da ya tara takardun kotu a bayan ƙofa ba zai tashi ya nemo rahoton likita ba. Wani ma bai yarda yana da ciwo ba. Wani kunya ce ta rufe masa baki, don ya san sunan da za a laƙaba masa, kuma mu ma mun san sunan, mun sha kiran mutane da shi. Ciwon da ya ba shi haƙƙin shi ne yake hana shi neman haƙƙin.

Shi ya sa taimakon lauya a nan ya wuce alfarma. A kotunan Ingila akwai lauyoyin da ke zama a ranar sauraron ƙararrakin karɓe gidaje, suna tsaya wa ɗan haya kyauta. Ƙungiyoyi irin su Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara. Tun watan Mayun 2021 kuma akwai tsarin da ke dakatar da masu bin bashi, har da bashin haya, na kwana 60. Ga wanda ake yi wa jinyar gaggawa ta ƙwaƙwalwa, dakatarwar kan ɗauki tsawon jinyar, da ƙarin kwana 30, kuma wani ne zai iya nema masa, tare da shaidar ƙwararren ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Duk da haka, lauyan da ke kotu ba ya iya taimakon wanda bai zo kotu ba. Kafin lauya akwai 'yar'uwa da ta lura waya ta daina shiga, da maƙwabcin da ya ga labule bai motsa ba kwana da kwanaki, da mai gidan da ya zaɓi ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya aika takardar sammaci.