YASHIN BAKIN TEKU NA WANE NE?

Idan mutum ya ɗebi hatsi a rumbun wani, kowa ya san sunan abin da ya yi. Amma idan ya ɗebi yashi a bakin teku fa? Ba shinge, ba mai gadi, ba wanda ya shuka shi. In za mu kwatanta abin da ba ya ƙidayuwa, da yashi mukan kwatanta. Saboda haka mutane sukan ce, abin da ba shi da mai shi, ba ya kuwa ƙarewa, ɗibarsa ba laifi ba ne. Bari mu duba ko haka ne.

Da fari, yashin bakin teku ba a zaune yake ba, matafiyi ne. Koguna suna kawo shi daga tudu, raƙuman ruwa kuwa suna bugun gaɓa a karkace, suna tura shi gaba kaɗan kaɗan. Daga bakin kogin Volta a ƙasar Gana, ta Togo da Benin, har Ikko, tafiyarsa daga yamma zuwa gabas take. Yashin da ke ƙofar wani gari yau, wata rana yana ƙofar maƙwabcinsa. Muddin abin da ke shigowa ya kai abin da ke fita, gaɓa tana nan yadda take. Ran da aka tare hanyar, tekun ba ya fasa kwasa, sai ya shiga cin ƙasa.

Haka ya faru a Ikko. Wajen 1908 zuwa 1912 aka jera manyan duwatsu cikin teku a mashigin tashar jiragen ruwa, domin kada yashi ya toshe hanyar jirage. Yashi ya taru a gefen yamma, amma gaɓar gabas, wadda ake kira Bar Beach, ta yi ta zaizayewa, har tekun ya ci fiye da rabin mil. A 2008 aka soma aikin Eko Atlantic, aka cike wurin da yashi daga ƙarƙashin teku, aka yi masa ganuwa. Sai mutanen ƙauyukan da ke gabas, kamar Okun Alfa, suka yi kuka cewa ruwan ya komo kansu. A Lome aka buɗe tashar jirage a 1968, tekun kuwa ya cinye hanyar mota ta bakin gaɓa mai zuwa Aneho, aka sake yin wata can ciki. Garin Keta a Gana ya daɗe yana fama da teku, amma da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, yawancin yashin Volta ya kwanta a bayanta, ciwon ya ƙaru. Kagarar da mutanen Denmak suka gina a Keta a 1784, babban sashenta ya rushe cikin ruwa.

Wa ke biyan wannan bashi? Masunci, gama a kan yashi yake jawo kwalekwalensa, a nan matarsa take ƙyafe kifi. Mai gida kuma, gama yashi shi ne garkuwar gari, a kansa ƙarfin raƙumin ruwa yake mutuwa kafin ya kai ɗaki. Akwai kuma waɗanda ba su da bakin yin ƙara. Kififiyar teku takan fito da dare, ta tona rami, ta yi ƙwai wajen 100, ɗumin yashi ya ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu. In ta tarar da dutse da siminti, ina za ta? Ƙaguwa da tsuntsayen gaɓa ma a nan suke cin abincinsu.

Wani zai ce, “To, kada a gina tasha ke nan? Kada a yi lantarki? Ai waɗanda suka yi aikin ba su nufi kowa da mugunta ba.” Gaskiya ne, tasha da lantarki alheri ne ga mutane da yawa. Amma akwai abu uku da ya kamata mu riƙe.

Na fari, rashin sani ya fi dare duhu, amma uzurinsa yana ƙarewa da wayewar gari. Mai lambun da ya tare ruwa, bai san ya busar da lambun na ƙasa da shi ba, a yi masa haƙuri. In an nuna masa, ya ci gaba, ba rashin sani ke nan ba, son kai ne.

Na biyu, wanda ya ci amfani shi ya kamata ya ɗauki kayan. Ba daidai ba ne birni ya sami riba, ƙauye ya sami hasara. Akwai ƙasashen da suke kwasar yashin da ya taru a gefe ɗaya na tasha, su kai shi ɗaya gefen. Wannan ba kyauta ba ce, biyan bashi ne.

Na uku, laifin da aka raba wa mutane dubu bai zama babu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da lissafi a 2022 cewa ’yan Adam suna amfani da yashi da tsakuwa wajen tan biliyan 50 kowace shekara, ban da ruwa ba abin da muke ɗiba haka. Magina sun sani rairayin hamada ya cika laushi, ba ya kama siminti sosai, don haka ake bin gaɓar teku da koguna. Kowane mai tifa yana cewa, “Nawa kaɗan ne.” Da kaɗan kaɗan ɗin nan gaɓa take ƙarewa. Mai saye kuma yana da rabonsa na alhaki, ba mai shebur kaɗai ba.

’Yan’uwa, kada wanda ke nesa da teku ya ce ba ruwansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Rafin da muke ɗibar yashinsa don bulo, gaɓarsa gonar wani ce. Abin da Allah ya shimfiɗa ba shinge, ba marar mai shi ba ne, na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Maƙwabcinka kuwa ba wanda katangarsa ke jikin taka kaɗai ba ne, duk wanda aikin hannunka ya kai gare shi maƙwabcinka ne. Kafin ka ɗiba, ka tambaya: ƙofar wa wannan yashi ya nufa?