Kifin da Ya Sha Tafiya

Babu teku a ƙasar Sakkwato, amma kifin teku ya daɗe da zama ɗan gida a tukwanen Boɗinga da Shagari. Shi ne kifin ƙanƙara: titus mai zanen baƙi a gadon baya, da kote, da shawa mai yawan ƙaya. Titus a ruwan sanyi na arewacin Tekun Atlantika ake kamo shi, wajajen Norway da maƙwabtanta, a daskarar da shi a kwali, jirgin ruwa ya sauke a Legas. Daga nan mota mai firji ta ɗauko, ta biyo Ilori, Jebba, Kontagora, Yawuri, Jega da Tambuwal, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Ta cikin Shagari da Boɗinga take ratsawa ta shiga birnin Sakkwato, sannan 'yan kiri su sake dawo da kifin baya, kwali ɗaya ko biyu a bayan babur.

'Yan ci-raninmu da suka zauna Badagiri ko Kwatano ko Lome sun san kifin teku ta wata fuskar. Da safe masunta ke jeruwa a kan rairayi suna jan taru da igiya, har ya fito gaɓa kifi na tsalle a ciki. Wanda aka saya a nan ba ya neman ɗawainiya: a fede ciki, a wanke, a shafa gishiri da barkono, a ɗora a garwashi. Gishirin kuwa dole ne a sa, don naman bai ɗauki gishirin ruwan da ya tashi a ciki ba.

Haka yake a bakin madatsar ruwan Shagari. Tarwaɗa na motsi a cikin daro, karfasa ko bushewa ba ta yi ba. Mai saye za ta ɗaga marfin kunnen kifin ta ga ja jawur, ta danna naman da yatsa ya dawo yadda yake, ta biya. Gani ya kori ji.

Kifin kwali kuwa ido bai isa ya tantance shi duka ba. Amana ake saye. Ƙa'ida ita ce ya zauna cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga jirgi har hannun mai sayarwa, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Tsakanin can da nan akwai hannuwa da yawa: direban da zai iya kashe firji da dare don ya rage dizal, mai ɗakin sanyi da wuta ta ɗauke masa, ɗan kirin da kayansa suka narke da rana ya mayar da su ƙanƙara da yamma. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san yaran da za su ci wannan miya, su ma ba su san shi ba. Duk da haka lafiyar cikinsu tana hannunsa. Wannan abu yana tsaya mini a rai, domin mun saba ɗaukar amana a matsayin abin da ke tsakanin mutum da wanda ya sani, alhali mafi yawanta tana kanmu ne game da waɗanda ba za su taɓa zuwa su tuhume mu ba.

Kuma ɓarnar titus ba ta gyaruwa a wuta. Kifi ne mai maiƙo. Idan ya jima cikin ɗumi, namansa kan tara wani dafi da suya ba ta kashewa. Wanda ya ci sai ya ji ɗan yaji-yaji a harshe, fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, kai ya sara. Tafarnuwa da citta da lemon tsami ƙarni suke kawarwa kawai.

Shi ya sa matan da suka san kifi suke duba cikinsa kafin su taya. In ya yi laushi ya fashe, ko ido ya lotsa, ko ƙanƙarar kwalin ta haɗe da jini, sai su wuce. Kuma kowace tana da mai kifinta, wanda idan kaya ba su yi ba zai rage murya ya ce, "Hajiya, ki haƙura da na yau, gobe sabo zai iso." Ranar ya rasa ciniki, ita kuma ta koma gida ta kaɗa miyar kuka da kifin banda.