DA WANE MUDU ZA A AUNA ASIBITI?

Kowa ya taɓa zuwa awon hatsi a kasuwa ya san abin da mai saye ya kan yi. Ya kan ɗauki mudun ya juya shi, ya duba ko an buga gindinsa ciki, ya sa hannu cikin dawar ya ga ko an yi mata algus da tsakuwa. In bai yarda ba sai ya wuce wurin wata ma'auniya. Idonsa shi ne mai tsaronsa.

Amma akwai wani ciniki inda ido ba ya yi wa mai saye amfani. Mutum ya sayar da akuyarsa ko amfanin gonarsa, ya kai matarsa asibitin kuɗi, watau wanda ba na gwamnati ba. Aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka rufe ƙofa. Shi yana zaune waje bisa benci, ita kuwa an sa ta barci. In ta warke su ce likitan nan gwani ne. In ta rasu su ce kwana ne ya ƙare. Watakila haka ne, watakila kuwa an manta da auduga ne cikin cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin marasa lafiya 10, wajen ɗaya ya kan cutu ta wurin jiyyar da a ke yi masa, fiye da rabin cutar nan kuwa da an kula da ba ta auku ba. To, 'yan'uwa, wanda ya karɓi kuɗi domin jiyya, ba wajibi ne a kansa ya nuna abin da aikinsa ya haifar ba? Da wane mudu kuma za a auna shi?

Yawancinmu da gini mu kan auna. Mun ga bene da fenti da fanka, mun ji tsadar gado, sai mu ce lalle nan akwai magani. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A shekarar 1966 wani malamin likita a Jami'ar Michigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya raba awon gida uku. Na fari, abin da asibiti ya ke da shi: ruwa, wuta, kayan aiki, ma'aikata masu horo. Na biyu, abin da a ke yi da su: ko an wanke hannu, ko an ba da magani a kan lokaci. Na uku, abin da ya sami mara lafiya daga baya. Na farin kaɗai mu ke iya gani daga bakin ƙofa. Sauran biyun kuwa mai ɗaki ne ya san inda ya ke masa yoyo, sai in shi ya yarda ya faɗa.

An taɓa yin likitan da ya yarda ya faɗa. Sunansa Ernest Codman, likitan fiɗa ne a birnin Boston na Amurka. A 1911 ya buɗe ƙaramin asibiti nasa na kansa mai gado 12. Kowane mara lafiya ya yi masa kati, ya rubuta ciwon da ya kawo shi, da abin da ya zaci yana damunsa, da aikin da ya yi masa. Bayan shekara guda sai ya nemi labarin mutumin, ya ji ko ya warke, ko ya naƙasa, ko ya mutu. In abin bai yi kyau ba ya kan rubuta dalili, ko rashin sani ne, ko rashin gwaninta, ko rashin kula, ko rashin kayan aiki, ko kuwa ciwon ne ya fi ƙarfin magani. Tsakanin 1911 da 1916 ya sallami mutum 337, ya lissafta kuskure 123. Bai kulle lissafin nan cikin akwati ba, ya buga shi a takarda ya aika wa sauran asibitoci, ya roƙe su su ma su yi haka.

Ba su gode masa ba. A 1914 ya bar aikinsa a babban asibitin garin domin sun ƙi karɓar shirinsa. A 1915 ya nuna wa taron likitoci wani zane na jimina ta cusa kai cikin rairayi tana watsa wa likitoci ƙwan zinariya. Nufinsa masu arzikin garin suna ta biya ba su tambayar ko aikin yana da amfani. Abokan aikinsa suka fusata, suka daina aiko masa da marasa lafiya, ba da daɗewa ba asibitin ya rufe. Ya rasu a 1940, kabarinsa ko dutsen suna babu sai a 2014. Yau kuwa ko'ina a ke maganar awon aikin asibiti, da sunansa a kan fara.

Wani zai ce, to, abin mai sauƙi ne: a ƙirga waɗanda suka mutu a kowane asibiti, wanda nasa ba yawa shi ne nagari. Sai mu yi hankali a nan, gama lissafi ma a kan tauye shi kamar mudu. Ga asibiti biyu. Ɗaya ya kan karɓi duk wanda aka kawo, har matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye. Ɗayan kuwa da ya ga ciwo ya yi tsanani sai ya ce a tafi asibitin gwamnati, mutumin ya je ya mutu can. Littafin na biyun zai fito fari fat, amma wane ne cikinsu ya yi aikin jinƙai? Irin wannan tsoro ya taso a jihar New York a farkon shekarun 1990, sa'ad da aka soma buga yawan waɗanda suka mutu bayan aikin zuciya, har da sunan kowane likita. Waɗansu likitoci suka ce abin yana sa a guji masu ciwo mai tsanani. Domin haka awo na gaskiya tilas ya duba halin da mutum ya zo da shi tun fari, ya kuma bi sawun wanda aka tura wani wuri.

Haka kuma littafin da ba kuskure ko ɗaya a ciki abin tsoro ne, ba abin yabo ba. Likita da nas 'yan Adam ne, ba wanda zai yi shekara yana aiki bai yi tuntuɓe ba. Inda a kan kori duk wanda ya faɗi kuskurensa, kowa ya kan yi shiru, kuskuren kuwa ya sake faɗa wa wani gobe. A Ingila, a 2017, kotu ta ɗaure wani likitan fiɗa, Ian Paterson, domin ya yi wa mutane aikin da ba su bukata a asibitocin kuɗi. Daga baya aka mai da ɗaurin shekara 20. Binciken da Bishop Graham James ya shugabanta ya fito a 2020, ya nuna an daɗe ana ƙorafi a kansa, amma masu iko suka kau da kai, asibitin gwamnati da na kuɗi kuma ba su gaya wa juna abin da suka sani ba. Asibitocin nan ba su rasa gini ko kayan aiki ba. Abin da suka rasa shi ne mai ƙirgawa ya faɗa.

Kada kuwa a ce wannan sai ƙasashe masu arziki. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda guda mai abu 19 da za a karanta da ƙarfi a ɗakin tiyata: wane ne wannan mara lafiya, ina za a yanka, auduga da allurai nawa aka shiga da su, nawa aka fito da su. Aka gwada ta a asibitoci 8, ɗaya a garin Ifakara na Tanzaniya. Mutuwa bayan aiki ta ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000. Takarda da fensir ba su fi ƙarfin kowane asibiti ba.

A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce kada a gudanar da asibiti sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. Wannan daidai ne, amma takarda a bango ba ta iya gaya mana rauni nawa ne suka yi mugunya bara. Mu da mu ke biya muna da ikon tambaya cikin ladabi: Likita, sau nawa ka yi irin wannan aiki? Yaya suka ƙare? In jini ya ɓalle da dare, wa ke nan? Wanda ya amsa da daɗin rai, har ya ce akwai wanda bai warke ba, ga dalili, ya fi cancanta a ba shi amana bisa wanda ya ce shi bai taɓa kuskure ba.

Maganar nan ta shafe mu kusa, gama asibitocin ekklesiya su ma ba na gwamnati ba ne, suna kuma karɓar kuɗi. Sunan kirki da magabata suka bari ba ya wanke hannun kowa yau. Ku da ku ke zama cikin kwamitin asibiti, in an kawo littafin kuɗi ku duba, ku nemi a kawo ɗayan littafin kuma, na waɗanda suka cutu a hannunmu, ku karanta shi ba da nufin neman wanda za a kora ba, sai domin a toshe inda ya ke yoyo. Mara lafiyan da aka sa shi barci ba ya iya juya mudu ya duba gindinsa. Wanda ke riƙe da mudun shi ne zai duba dominsa.