Ruwan da Bai Kai Gonar Ƙarshe Ba

A fadamun shinkafa na Tara, kusa da Gaya, kowa ya san gonar da ke wutsiyar magudana. Injin na janyo ruwa daga kogin Kwara yadda ya kamata, amma laka da kainuwa sun cushe hanya. Na gaba shinkafarsa shar, na baya ƙasarsa ta tsattsage. Mai wannan gonar ba ya neman a ƙaro ruwa. Shebur yake ɗauka ya shiga yasa.

Ciwon dajin babban hanji ma haka yake yi wa magani. Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙarin suna yoyo, sai wani zare mai suna fibirin, wanda da shi jini ke daskarewa a bakin rauni, ya taru ya danne ƙananan hanyoyi. A ɗaura wa majiyyaci ruwan kimoterapi, ya zaga jiki, ya jigata shi da amai da zawo, amma kaɗan ne zai kai tsakiyar ƙarin. Tun 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya lura daji da gudan jini abokan tafiya ne. Abin tausayi, daga baya a jikinsa ya ga alamar, kuma dajin ciki ne ajalinsa a 1867.

Shi ya sa masu bincike suka ce a gwada yasa: a haɗa maganin narkar da gudan jini irin su alteplase, wanda ake ba mai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da maganin dajin. A jikin ɓeraye an ga magani ya fi shiga. To amma ɓera ba mutum ba ne, kuma manomin Tara zai gaya maka mai yasa da garaje kan fasa kunya, ruwa ya malale inda ba a so. Ƙarin hanji dama jini yake ɗiga. A ba shi abin da ke narkar da gudan jini, yana iya ɓallewa. Har yanzu wannan haɗi gwaji ne.

Ni toshewar da ta fi damuna ba a jijiya take ba. Mutum zai shekara yana ganin jini a bayan gida, ana ce masa "basir ne, Malam", yana sayen tsimi a kwalba ranar kasuwa, wani ya tsallaka iyaka zuwa Kamba neman saiwa. Cibiyar daji kuwa tana Yamai, wajen kilomita 300 ta hanyar Dosso. Sai ya rame, wando ya daina zama a ƙugu, sannan dangi su fara haɗa kuɗin mota.