Malamin Wasanni: Ƙarfin Jiki ko na Zuciya?

Ga wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Me ke sa malamin wasanni ya tsaya gaban yara ya ji lalle zai iya?

Da yawa za su ce ƙarfin jiki ne. Ni ban yarda ba. A nan ƙasar Jado na taɓa ganin wani saurayin malami da aka turo daga kudu. Ƙato ne, ya iya gudu, ya iya tamaula. Amma yaransa Tubanci da Barbarci suke ji, shi kuwa ko gaisuwa bai iya ba. In ya hura usur suka ƙi yin layi, sai tsawa, sai bulala. Wata rana muna shan shayi ya ce mini: "Malam, wallahi tsoron lokacin nan nake ji." Ashe tsawar ba ta ƙarfin hali ba ce.

A cikin aji akwai allo da benci, su ma suna taya malami riƙon yara. A fili babu kome sai rairayi da rana. Yaron da ya faɗi, a gaban kowa ya faɗi. Wanda aka bari a baya wajen zaɓen ƴan wasa ba zai ce uffan ba, amma fuskarsa ta faɗa. Malamin da bai iya karanta wannan ba, kullum abu zai riƙa zo masa ba shiri.

A 1977 wani masani a Amurka, Albert Bandura, ya bayyana abubuwa huɗu da ke sa mutum ya amince da iyawarsa: nasarar da ya taɓa samu, ganin irinsa ya yi, ƙarfafawar mutane, da yadda yake fassara bugun zuciyarsa. Na huɗun nan ne ba a cika koya mana ba wajen horon malanta. Ni ma ranar da na fara koyar da dattawa karatu, alli rawa yake a hannuna.

Wani zai ce haƙuri hali ne, ba a koyonsa. To, abokin nan nawa ya koya. Ya mai da wasa da sanyin safiya, ya haddace sunayen yara, ya roƙe su su koya masa ƙirga da harshensu. Sun yi ta yi masa dariya, shi ma yana taya su. Bulalar dai tana rataye a ɗakinsa har aka ɗauke shi daga nan.