Taskar Hezekiya da Tukunyar Irmiya



Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, ya ba mu labarin Sarki Hezekiya bayan da Allah ya tashe shi daga ciwo mai tsanani. Sarkin Babila ya aiko da manzanni ɗauke da wasiƙu da kyauta, wai sun zo yi masa barka da samun sauƙi. Daɗin gaisuwar ya kwashe shi, sai ya zaga da su cikin taskarsa, ya nuna musu azurfa da zinariya da kayan ƙanshi da makamai, bai rage kome ba. Da baƙin suka tafi, Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi inda mutanen suka fito da abin da suka gani, sa'an nan ya sanar da shi cewa rana tana zuwa da za a kwashe dukan kayan zuwa Babila. Mu lura, manzannin ba su fasa ƙofa ba. Sarki ne ya buɗe musu da hannunsa.

Taskar iyayenmu tana cikin rumbu da ƙuryar ɗaki, tamu kuwa ta koma cikin wayar hannu. A 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN. A ƙarshen 2020 gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har tsofaffinmu wurin masu POS. Yanzu kuɗin albasar Aliero, da na shinkafar fadamun Jega, da adashin Zumuntar Mata, duk lambobi huɗu ne ke tsaronsu.

Manzannin Babila na zamaninmu ma da gaisuwa suke zuwa. Mutum zai kira, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. Wani tallafin taki ne a bakinsa, wani aikin gwamnati ga ɗanka. Akwai ma mai aiko da saƙo da sunan Fada, wai ana neman taimakon gaggawa. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, Ikilisiya kuma ba ta karɓar baiko ta ɓoyayyen saƙo. Duk wanda ya hana ka lokacin yin shawara, ka kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa banki. Mai sayar da buhunan albasa kuwa, kada ya saki kaya don an nuna masa saƙo. Ya duba asusunsa ya ga kuɗi sun shiga.

Mun san abin da ke ran wasu: ba a umarce mu da ƙauna da yarda da juna ba? Hakika. Amma Ikilisiyar da ke koyar da ƙauna ita ce ta ɗaure bakin Fada a kan abin da ya ji wurin furta zunubi, ko da za a kashe shi. Riƙe asiri ba ƙiyayya ba ne. Kuɗin makarantar yara amana ce a hannunmu, wanda ya rubuta lambarsa a bayan katin banki kuwa ya rataye mabuɗi a bakin ƙofa.

Mai damfara ya fi dogara ga kunyarmu. Mutum zai yi asara ya yi shiru don kada a ce masa wawa, mako na gaba a cuci maƙwabcinsa da dabara iri ɗaya. Haka aka yi kuka a ɓoye da MMM ta rushe a Disamba 2016, aka sake yi da CBEX a Afrilu 2025. Wanda aka cuta, ko wayarsa ta ɓata, ya sa a rufe layin da asusun a ranar, ya kuma faɗa wa jama'a. Mu kuwa kada mu yi masa dariya. Samarinmu da ke sha'awar wannan mugun aiki su sani doka ta bakwai ta shafi sata ta waya kamar yadda ta shafi haura katanga, tuba kuma ba ta cika sai an mai da abin da aka kwashe.

Ba ɓarawo kaɗai ke raba mutum da abinsa ba. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa ta rushe gidaje a Jihar Kebbi, sun san ruwa ba ya barin takarda. A Irmiya sura 32, annabin ya sayi gona a Anatot alhali sojojin Babila sun kewaye Urushalima. Ya sa aka rubuta takardar ciniki kashi biyu, ɗaya da hatimi ɗaya a buɗe, ya ba Baruk a gaban shaidu, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ya gaskata alkawarin Allah cewa za a sake sayen gonaki a ƙasar, duk da haka sai da ya nemi tukunya.

Kafin damina ta kankama, kowane gida ya tattara takardar gona, da ta haihuwa, da ta aure, da ta NIN, da shaidar makarantar yara. A naɗe su cikin leda, a sa a kwano mai murfi, a ɗora a sama inda ruwa da gara ba za su kai ba. A yi musu kwafi a kai wurin ɗan'uwa amintacce a wani gari. Wanda katin baftismarsa ya riga ya lalace, ya ga Katikis bayan Mas, ya faɗi cocin da aka yi masa baftisma da shekarar, domin a nemo sunansa a littafin rajista.